Inna Ta Riga Ta Shanya Kashin Karsana

Goggo Zuwaira mai filin shawara,

Don Allah ki taimake ni tun lokaci bai ƙure mini ba. Matata Zulaiha ta shiga watanta na bakwai, ni kuwa na rasa ta inda zan ɓullo wa mahaifiyata.

Bari in faro miki daga tushe. Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Dogo-Dogo. Muna noman gero da wake, muna kuma da shanunmu na gado, ba yawa gare su ba amma ba mu raina ba. A zuriyarmu akwai wata al'ada: duk jaririn da za a haifa, ana ware masa karsana tasa. Kafin haihuwa sai tsohuwar gida ta ɗebi kashin karsanar, ta shanya, ta daka shi lukui, ta kwaɓa da man shanu. Da an yanke cibiya sai a shafa mata, kullum safiya, har ta faɗi. Wai da haka ake ƙulla arzikin yaro da garke, don kada ya girma ya sayar da shanu ya tafi Damagaram yin kabu-kabu. Ni ma an shafa mini, ga ni kuwa har yau ina bin bayan shanu, kuma ni ne hujjar Inna duk ran da maganar ta taso.

Inna, wato mahaifiyata, ita ce ungozomar ƙauyenmu. Rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Kuma kada ki ɗauka ƙazama ce, wallahi ƙwaryar nononta sai ki ga fuskarki a ciki. A wurinta kashin saniya ba ƙazanta ba ne, ciyawa ce da ta bi ta cikin dabba mai albarka.

Shekara biyu ke nan Zulaiha ta haifa mana ɗan fari, namiji, ƙato, muna ce masa Dikko. Inna ta karɓe shi, ta yi masa abin da aka saba. Yana shan nono har uwar tana ƙorafin ba ya barin ta ta huta. Ran suna da yamma, naman rago ma bai gama soyuwa ba, yaro ya ƙi kama nono. Bakinsa ya ɗaure. Da an taɓa shi ko an yi ƙara kusa da shi sai ya sandare, bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Inna ta ce iska ce, aka yi turare, aka kawo rubutu, amma ko ɗigo bai wuce maƙogwaronsa ba. Washegari na ari moto, wato babur, muka kai shi likita, asibitin da ke Dungass. Sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya sani, amma Dikko ya koma.

Kafin mu taho manjo, babban ma'aikacin likitar, ya ja ni gefe, ya tambaye ni abin da aka sa wa cibiyar. Na faɗa masa. Ya ce ciwon sunansa tetanos, wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani ke kawo shi. Suna zaune a hanjin shanu da dawaki da awaki lafiya lau, su fito tare da kashi, su kwanta a cikin ƙasa shekara da shekaru suna jiran rauni. Na ce masa ai namu an shanya shi ya bushe ƙarau. Ya ce rana ba ta kashe su. A wurinmu uba ba ya nuna damuwa a kan ɗan fari, kunya ce, amma Goggo ni na yi kuka, na zaga bayan garke na yi mai isata.

Zulaiha kaɗai na faɗa wa maganar manjo, sai wana Hashim. Da ta samu wannan cikin muka fara zuwa awo ran kasuwa, har an yi mata allurar rigakafin tetanos ɗin sau ɗaya, an ce ta koma a ƙara mata. Inna ta ɗauka cefane muke zuwa.

To ga abin da ya ɗaure mini harshe. Inna ta haifi tara, mu huɗu muka rayu. Uku daga cikin waɗanda suka koma ba su yi nisa da ranar suna ba, kuma tun ina yaro nake jin tana ba da labarinsu, cewa haka kawai suka ƙi nono suka sandare. In na buɗe baki na gaya mata abin da manjo ya ce, ba zancen Dikko kaɗai na yi ba. Na gaya mata ke nan cewa hannunta ne, har sau huɗu. Yaya ɗa zai dubi idon uwarsa ya faɗi haka?

Makon jiya na shigo gida na ga faifai a kan rumfa, kashi yana shan rana. Ta riga ta zaɓi karsanar, wata ja mai farin goshi. Tana ta murna, har tana gaya wa Zulaiha cewa wancan karon ƙila ta yi ƙwauron shafawa ne, bana za ta cika hannu. Zulaiha ta shige ɗaki, ta ƙi cin tuwo ranar.

Na yi tunanin in zubar da abin, sai na ga wautata, shanu ai ba su daina kashi ba. Na yi tunanin in kai Zulaiha gidansu a Bande da sunan ganin gida, ta haihu a likitar can. Amma a ce ungozomar gari guda an gudu da jikanta an haife shi a hannun baƙi, da wane ido za ta dubi mata a bakin rijiya? Ina tsoron ta ɗaga mini nono. Hashim kuwa, shi da ba ya son tashin hankali ko na kaji, cewa ya yi tunda an yi allura in bar tsohuwa ta shafa abinta a zauna lafiya.

Abu ɗaya na yanke, kuma ba shawara nake nema a kansa ba: ko sama da ƙasa za su haɗe, wannan kwaɓin ba zai taɓa cibiyar abin da Zulaiha za ta haifa ba. Abin da nake tambaya shi ne yadda zan yi in tsira da ɗana ba tare da na rasa uwata ba.

Naki,
Ɗan Inna, daga ƙasar Dogo-Dogo

AMSAR GOGGO

Ɗana, Allah ya sa Dikko mai ceto ne, ya ba ku haƙuri kai da Zulaiha. Hukuncin da ka yanke daidai ne, ka riƙe shi da hannu biyu.

Manjo bai yi maka ƙarya ba. Ƙwayar tetanos ƴar babban gida ce, danginta suna da yawa, mazauninsu hanji da ƙasa. Wata tana ruɓar da rauni, wata tana sa gudawa, wata kuma ku makiyaya kun fi ni saninta, ita ce ke kawo harbin daji da kuke kai shanu a yi musu allura dominsa. A cikin hanjin saniya ba ruwansu da kowa. Ɓarnar tana farawa ne idan suka sami rauni suka shige inda iska ba ta kaiwa, kuma ɗanyar cibiya da aka toshe da mai ita ce irin ɗakin da suke so.

Shawarar Hashim ba ta karɓu ba. Allurar tana kare jariri daga tetanos, in an cika ta a kan lokaci, amma kashin dabba yana ɗauke da wasu ƙwayoyin da allurar ba ta san da zamansu ba, masu sa cibiya ta yi ruwa cutar ta shiga jini. Don haka Zulaiha ta koma a yi mata ta biyu ba tare da jinkiri ba, kuma ku shirya haihuwa a likita. Ka tanadi mai moto ko amalanke tun yanzu. In naƙuda ta riga ku a gida, a wanke hannu da sabulu, a yanke da sabuwar reza, a ɗaure da zaren da aka tafasa, kada a shafa komai sai abin da likita ta ba ku. In jariri ya rage shan nono ko cibiya ta yi ja, ku tafi a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Yanzu Inna. Ba na goyon bayan ka sace matarka ka gudu da ita. Hakan zai kunyata tsohuwar, kuma faifan zai jira matar Hashim da sauran matan zuriyarku. Amma ban ce ka zaunar da ita ka lissafa mata ƴaƴanta da suka koma ba, ta fi ka sanin adadinsu. Abin da ta yi, ƙauna ce ta sa ta, da ilimin da ta gada. Ka ce mata an gano, kada ka ce mata kin yi.

Ka nemi wani babba da take jin nauyinsa, yayanta ko limamin garinku, ka fara fahimtar da shi. Sannan ka roƙe ta ta raka Zulaiha awo, a matsayinta na ungozoma, ta zauna da matar da ke karɓar haihuwa a can su yi magana ta mata. Abin da ba za ta karɓa daga bakin ɗanta ba, tana iya karɓarsa daga abokiyar sana'a. In ta haɗa lissafin da kanta ta yi kuka, ka zauna kusa da ita, ka tuna mata cewa rai na Allah ne kuma ba a kama mutum da abin da bai sani ba.

Kuma kada ka je mata hannu rabbana. Manufar al'adarku ita ce a ƙulla yaro da garke, to ba dole sai ta bakin rauni ba. Ka ba ta shawara, ran da cibiyar ta bushe ta faɗi, ita da hannunta ta binne ta a gindin turken karsanar. Wankan jego, kunun kanwa, goyon farko, duk ka bar mata.

In duk an yi wannan ta ƙi, to ka durƙusa a gabanta da rana tsaka, ka gaya mata cikin ladabi cewa za ka kai Zulaiha Bande, ka nemi gafararta, ka tashi ka kai ta. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba ta kai ga miƙa ran jariri ba, kuma kai ne za a tambaya a kansa. Za ta yi fushi, ƙila ta daina amsa gaisuwarka, ka jure ka ci gaba da zuwa. Kaka tana hucewa ran da aka ɗora mata jika mai motsi a cinya, wanda aka binne kuwa ba ya lallashin kowa.

Allah ya sauki Zulaiha lafiya, ya raya abin da za ta haifa, ya bar maka Inna ta ga aurensa.

Taka,
Goggo Zuwaira