Matashin Keken Dogo

14 ga Maris

Maman Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Auta da angon ƙarni da jaririyar da aka ce ta ɗauko goshina, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Ni lafiya lau, kuma ina shan magani a kan kari, ba sai kin sa a tambaye ni ba.

Yau shekara biyu ke nan da rasuwar Dogo, ranar Talata da hantsi, a ɗakin ƙarshe na hawa na biyu na asibiti, yana da shekara ashirin da bakwai, shida daga cikinsu a kan keken guragu. Ba raunin lakar ne ya ɗauke shi ba, gyambon zama ne da ya kai ga jini. Na rubuta haka ne domin abin da zan roƙe ki ya rataya a kansa.

Jiya kwamitin asusun da muka kafa da sunansa ya zauna domin zaɓen matashin mai bincike na farko da za a tallafa wa. Kin san dokar da na rubuta da hannuna, wadda kika ce ta masu taurin kai ce: uba ya zauna a gefe, ba ya magana, ba ya zaɓe, sai in ƙuri'a ta yi kunnen doki. To, ta yi.

Na farko saurayi ne mai kaifin basira, yana neman hanyar da jijiyar laka za ta sake tsirowa, ya kuma nuna mana ɓeran da ya fara jan ƙafa. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta bi shi. Ta biyu yarinya ce, likitar gashin ƙashi, ta shigo da buhu har maigadi ya so hana ta. Tsofaffin matasan soso ne a ciki, na zama a keken guragu, kowanne an raba shi biyu. Ta ce matashi ba ya ƙarya: inda ya lotsa, nan nauyin mutum yake sauka, nan kuma gyambo yake farawa. Tana so ta ƙera mai araha, wanda zai bi zaman kowa. Matsalarta, in ji ta, iyalai ba sa rabuwa da na mamatansu.

Ita na zaɓa. Saurayin ya taya ta ɗaukar buhun, shugaban kwamiti kuma ya yi masa alkawarin kai shi wani asusu da ya fi namu ƙarfi, don haka na kwana da nutsuwa.

A bakin matakala aka gaya mata ko ni wane ne, kunya ta kama ta. Ni ne na ce mata na Dogo yana nan. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, sai dai in na yanka ba ya komawa." Na ce ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na san kin hana a taɓa komai a ɗakin. Idan kin ce a'a, magana ta ƙare, ba kuma zan sake tayar da ita ba.

Ki shafa mini kan jaririya.

Mijinki,
Baban Dogo

29 ga Maris

Maman Dogo,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyarku da ta mai jego. Auta ta isar da amsarki tare da sharaɗinki na a bar rigar matashin a gida, har da cewa wai in daina rubutu kamar mai gabatar da lacca. Na karɓi sharaɗin. Laccar kuwa ta riga ta bi jiki.

Na zare rigar matashin da kika ɗinka, na ninke ta a aljihun gadonsa, na kai wa yarinyar soson da kaina. Ɗakin aikinta ƙarami ne, tebur ɗaya da zarto mai siririn haƙori da warin gam. Kafin ta yanka ta tambaye ni ɓangaren da ya fi jingina. Na amsa ba tare da shakka ba cewa hagu ne, wajen taga, inda yake zama yana tsokanar masu wucewa da cewa su rage gudu kada su riga motarsa.

Da ta raba shi, dama ce ta lotsa, sosai kuwa. Ta ba ni haƙuri kamar laifinta ne. Ban yi mata bayani ba, na dai nemi kujera na zauna. A damansa ne 'yar kujerarki take, inda kike yanke masa farce kuna gulmata. Ta ce irin wannan lotsawa ba ta wata ɗaya ba ce, ta shekaru ce. Na dawo gida a ƙafa, kuma ban ji nauyin hanyar ba.

Za ta fara awo a wata mai kamawa, ta kuma roƙi ki ziyarce ta.

Keken ne ya rage. Ban matsar da shi ba, ban kuma yi wa kowa alkawarinsa ba. Wannan sai kin dawo.

Mijinki,
Baban Dogo