Motar da Za Ta Kai Baba Long Merai

Miri, Litinin

Ƙanena Jalong,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka a Bintulu.

Likita ya sallami Baba. Ya ce ciwon ya kai ƙashi, sai dai maganin rage zafi. Da muka fito Baba ya ce, “Ulau, kada ki bari in mutu a gidan haya. Ku kai ni ƙauyenmu, Long Merai.”

Ka san halin da nake ciki. Cikin nan ya tsufa, ungozoma ta hana ni ko hawa babur, balle hanyar masu katako. Kai za ka riƙe Baba a hanya. Damina kuma ta fara, in aka ƙara jinkiri hanya za ta rufe.

Saura maganar mota. Ngau ɗan Kawu Lawai ya ce zai ba da tsohuwar jif ɗinsa, kuma zai tuƙa. Na san me za ka ce. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yaga.

Yayarka,
Ulau

Bintulu, Laraba

Yaya,

Na gaishe ki, ki gaida Baba.

Ban yaga ba, amma saura kaɗan. Ngau? Motar da ta kwaso 'yan sanda ranar da muka tare wa kamfanin katako hanya? A bayanta aka jefa ni da ankwa, shi yana gaba yana kallon titi kamar bai taɓa cin tuwo a gidanmu ba. Ita za ta kai ubana gida?

Bar ma wannan. Kin taɓa zama a bayan akwalar nan? Sifirin ɗinta kamar gungume. Mai lafiya ma sai ya sauka yana dafa ƙugu, ina ga wanda ƙashinsa ke ciwo. Maigidana ya yarda ya ara mini tasa. Sabuwa ce, ita ma tana ja da tayoyi huɗu, ga sanyi, kujera tana kwantawa. Baba zai yi barci har mu isa.

Ki ce wa Ngau an gode.

Naki,
Jalong

Miri, Asabar

Jalong,

Ina gaisuwa. Baba yana amsawa, sai dai jiya ko kunun shinkafa bai wuce ba.

Na san motar maigidanka, na gan ta ranar bikinku. Kyakkyawa ce, ta zuwa coci. Cikinta kusan yana shafar ƙasa, tayoyinta na kwalta ne, kuma fetur take sha. In ka wuce garin Lapok wa zai sayar maka da fetur? Dizal kaɗai ake samu a sansanin katako. Kawu Lawai ya aiko cewa ruwa ya ɗauke gadar itacen da ke kogin ƙarshe, yanzu ta cikin ruwa ake bi, gangaren kuma ya zama taɓo. Ta Ngau doguwa ce, tana da injin ja da igiyar ƙarfe a gaba. Taka in ta kafe, da me za ka fitar da ita? Da sanyin?

Na karanta wa Baba wasiƙarka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Gaya wa wannan mai taurin kan, girgiza ba za ta kashe ni ba, an riga ta. A shimfiɗa mini katifa biyu.”

Ngau ya zo da safe. Na gaya masa abin da ka ce, ban rage ba. Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ajiye makulli a kan tebur. Ya ce, “Yaya, in ganina ne ba ya so, ya tuƙa da kansa. Amma kogin nan sai mutum biyu.”

Za a tashi Alhamis da safe. In ba ka zo ba, ni zan shiga, ungozoma ta yi ta faɗa. Ka san zan aikata.

Ulau

Long Merai, Lahadi

Yaya,

Gaisuwa daga gida. Kwantar da hankalinki, mun iso.

Da ta Ngau muka taho, shi ya tuƙa. Baba ya sha wuya, duk ramin da muka faɗa sai ya damƙe hannuna, amma bai ce a tsaya ba. A tsakiyar kogi motar ta kafe, ruwa ya fara shigowa ta ƙofa. Na goya Baba don in fitar da shi gaɓa. Yaya, ba shi da nauyi ko kaɗan. Ruwa ya ja ƙafata, na durƙusa, Ngau ya saki igiyar ƙarfen da yake jawowa ya cafke mu. Garin haka igiyar ta yanke masa tafin hannu, a haka ya ɗaure ta a bishiya ya fitar da motar.

Baba ya hau matakalar dogon gidan da duk 'yan ƙauyen ke zaune a ciki, yana goye a bayana, ya kira kowa da sunansa. Ya ci kifi kaɗan. Ya rasu jiya da hantsi a ɗakinsa, Kawu Lawai yana riƙe da kansa. Gobe za a binne shi kusa da Mama.

Ni da Ngau ba mu yi wata magana ba. Hannunsa ya kumbura, ba ya iya riƙe sitiyari, don haka ni zan tuƙo shi. Ki nemi wanda zai duba masa hannun.

Allah ya sauke ki lafiya.

Ƙanenki,
Jalong