Baitin da Babandi Bai Ƙarasa Ba

Sabo, Ibadan

Zuwa ga Yayana Alhaji Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Anti da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta maka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban motar goro alhali ina da lambarka. Na daina yarda da waya. A Sabon yanzu, abin da ka faɗa wa mutum ɗaya da safe, kafin la'asar yana guruf ɗin mata na waya, da muryarka har da tarinka.

Zancen Babandi mai kalangu ne. Kai ma ka san yadda muka yi haukansa. Ni ce uwar ƙungiyar masoyansa, mu ne 'yan Ba-Ma-Gajiya, mu ɗinka anko mu bi shi duk inda ya sa ƙafa, har Ikko. To Yaya, mun gaji. Ba faɗa muka yi ba, bai yi mana komai ba. Waƙarsa ce dai ita ce ita ce, ga tsawo, yara kuma suka koma wa DJ, mu ma muka bi su. Ni kaina rabon da in saurari waƙarsa har ƙarshe na manta. Makaɗansa sun watse, babban cikinsu acaɓa yake yi a Ojoo.

Da ya ga in ya sa waƙar yabo a guruf ba mai buɗewa, sai ya koma zambo, kuma da mu ya fara. Ka tuna Rukayya, ma'ajiyarmu? Kowa ya san ɗanta yana karatu a Kwatano. Babandi ya yi waƙa ya faɗi sunan gidan yarin da yaron yake. Wannan kam kowa ya buɗe, kowa ya tura. Rukayya ko biki ba ta ƙara zuwa ba.

Ka san abin da ya sani a kaina. Ranar da farfaɗiya ta fara kayar da Madina tana ƙarama, a filin wasansa ne a Mokola, bayan rumfa. Shi ya ajiye kalangu ya rufe ta da babbar rigarsa ya sa ta a mota, aka ce wa mutane zazzaɓi ne. Tana shan magani, shekaru ke nan ba ta faɗi ba. Yanzu ga Yusha'u ya fito neman aurenta, iyayensa fataken shanu ne a Akinyele, ƙarshen wata za su zo sa rana. Ba su san komai ba.

Shekaranjiya na hango Babandi a shataletalen Mokola, na yi kamar zan tsallaka titi. Sai na ji takena a bayana, wanda yake kaɗa mini in na shigo fili. Na tsaya. Ya ce, "Uwar ƙungiya, na ji 'yarmu ta yi miji. Ni ba a gaya mini ba." Ya yi murmushi ya wuce. Tun daga lokacin abinci ba ya shiga mini. Duk saƙon da ya shigo waya, gabana sai ya faɗi.

Ka ba ni shawara, don Allah. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Saudat

*

Fagge, Kano

Zuwa ga Saudatu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta iso, na karanta, na kuma fahimta.

Da farko, ku ne kuka raɗa wa kanku Ba-Ma-Gajiya, babu wanda ya roƙe ku. Na faɗa miki tun a lokacin cewa sunan ya yi nauyi.

Shawarata biyu ce. Ta ɗaya ita ce babba. Ki shirya ki je Akinyele wurin mahaifiyar yaron, ki gaya mata larurar Madina da bakinki. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma haƙƙinsu ne su sani. In sun karɓa, alhamdulillahi. In sun fasa, gara yanzu. Da zarar kin yi haka, babu sauran abin da Babandi yake riƙe da shi.

Ta biyu, mutumin nan ya yi kiɗa a bikinki, ya yi a sunan Madina. Bai kamata ya ji labarin aurenta a bakin titi ba. Ki je ki gaishe shi, ki ba shi girmansa. Abin da ya yi wa Rukayya mugun abu ne, ba na kare shi. Amma na san shi tun ina sauke goro a can Badun, garinku. Mutum ne da in ya shigo layi mata ke barin tukunya a kan wuta. Irin wannan in ya wayi gari ba mai ɗaga kai ya dube shi, ban san abin da zai iya yi ba, shi ma ina jin bai sani ba.

Ki fara da ta ɗaya. Allah ya rufa asiri.

Yayanki,
Ɗahiru

*

Sabo, Ibadan

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na gode da amsa, har da gorin sunan ƙungiya, na karɓa.

Zan faɗa maka gaskiya, ta biyun na ɗauka. Ta ɗayan ba zan iya ba. Kai namiji ne, kana Kano. Ni na san yadda matan nan suke da ciwon nan. Har yau akwai masu cewa ana ɗauka a yawu. In magana ta fita, ba Yusha'u kaɗai zai tafi ba, babu mai ƙara yi mana sallama. Madina da kanta ta so ta gaya masa, na ce in ta buɗe baki ban yafe ba. Ta yi kuka, ni ma na yi, amma ban janye ba.

Na je wurin Babandi. Ya bar gidan da ka sani, yana wani ɗaki a bayan masu tsire. Hotunanmu duk suna bango, mu da ankonmu, rana ta cinye fuskokin. Na gaishe shi, na ce ina so ya yi mana wasa ranar sa rana. Sannan ya tambaye ni, "Mutane za su zo da yawa?" Na ce sosai. Ya ce, "Da DJ?" Na ce yara sun matsa, amma shi zai fara. Ya gyaɗa kai.

Ina sa takalmi sai ya ce, "Ba zan yi mata tsohuwar waƙa ba. Sabuwa zan yi. Tun daga yarintarta zan ɗauko ta, don babu wanda ya san Madina kamar ni."

Na dubi fuskarsa in gane ko gargaɗi ne ko murna, ban gane ba. Na so in roƙe shi kada ya taɓa zancen, sai na ji tsoron in ban da shi a ransa, ni zan sa masa. Haka na fito.

Da na gaya wa Madina, cewa ta yi, "Mummy, abeg, don Allah wa ke jin Babandi yanzu? Ƙawayena dariya za su yi." Ita dariya take tsoro. Na ƙyale ta a haka.

In na fasa gayyatar, gobe ina guruf. In na bar ta, na ba shi lasifika a gaban surukaina. Ka yi mini addu'a.

Taka,
Saudat

*

Fagge, Kano

Saudatu,

Bayan sallama. Na ce ki fara da ta ɗaya, kin tsallake ta. Gaisuwa na ce ki kai masa, ban ce ki tara masa jama'a ba. Kuma shi mawaƙi yana gane wanda ya gayyace shi don so da wanda ya gayyace shi don tsoro.

Har yanzu akwai lokaci. Akinyele ba nisa. Ni ƙafa ba za ta bar ni in zo sa ranar ba, na wakilta liman. Ina yi muku addu'a, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Wassalam,
Ɗahiru

*

Sabo, Ibadan

Yayana,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. An sa rana, biki bayan Babbar Sallah. Ban je Akinyele ba, kada ka yi faɗa, ka bari ka ji yadda aka yi.

Maza sun gama nasu da hantsi, mu muka kafa rumfa a layi bayan azahar. An cika maƙil. Babandi ya riga kowa zuwa, cikin farar riga da ta sha guga, shi kaɗai da kalangunsa. Ya zauna kusa da manyan lasifikokin DJ, sai na ga ya ƙanƙance. Ya tsufa, Yaya.

Da ya fara, muryar tana nan yadda ka san ta, har tsigar jikina ta tashi. Ya ɗauko kakanmu daga Kano, ya sauke shi a Sabo, ya yabi Baba, ya yabi marigayi mahaifin Madina. Da a da ne, da fili ya rikice da guɗa. Yanzu kuwa ana ta rabon shinkafa. 'Yan mata suna ɗaukar hoto sun juya masa baya. Tsoffin 'yan ƙungiyarmu da suka zo, kowacce ta sa kai a waya don kada su haɗa ido da shi. Uwar angon, Hajiya Nana Firdausi, tana can gefe da carbi, ido a rufe, ina jin gyangyaɗi take. Wani saurayi ya ɗaga murya ya ce, "Baba, e don do, ya isa haka, a ba DJ!" Aka yi dariya.

Ni kaɗai ce a tsaye, da faranti a hannu, na kasa motsi. Sai ya sauya kiɗa ya ce:

"Madina 'yar Saudatu, 'yar hannuna,
Rigata ta san ki tun kina ƙarama,
A filin Mokola, a bayan rumfa,
Ranar da kika..."

Ya ɗago kai ya bi rumfar da kallo daga wannan gefe zuwa wancan, har ya iso kaina. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya yi shiru, shirun jan numfashi kawai. DJ ya ɗauka an gama, ya saki kiɗa. Kujeru suka yi ƙara, kowa ya miƙe, fili ya cika. Ta tsakanin masu rawa na hango shi bakinsa a buɗe, sannan ya rataya kalangu ya bi ta bayan rumfa. Ko abincinsa bai taɓa ba.

Ba wanda ya ji. Na bi ƙawayena da dabara ina tambaya ya suka ji sabuwar waƙar, wata ta ce ashe sabuwa ce. Daɗi ya kama ni har na shiga fili na taka rawa. Sai da na zauna kunya ta rufe ni, don abin da ya cece ni shi ne wulaƙancin da aka yi masa, kuma da ni aka yi.

Har yanzu ban san ko tona mini asiri zai yi ba, ko so yake ya ce shi ya rufa. Ina duba guruf kullum, shiru. Ina ganin mun tsira. Ka taya ni godiya ga Allah.

Ƙanwarka,
Saudat

*

Sabo

Zuwa ga Hajiya Saudat, uwar ƙungiya,

Sallama irin ta addini, da barka da taro. Allah ya sa a yi biki lafiya.

Na ga fuskarki ranar nan, na gane dalilin gayyatar. Ba komai. Ban yi niyyar cutar da Madina ba, so na yi a tuna ni ma na taɓa zama wani abu a gidanku. Sai da na kai bakin maganar na ga inda za ta faɗa.

Ba ke kaɗai kika saurara ba. Jiya surukarki Hajiya Nana Firdausi ta zo ɗakina. Ta ce ita in tana jin waƙa rufe ido take yi. Ta rera mini baitin daga farko ko kalma ɗaya ba ta ɓace mata ba, ta yabi kiɗan, sannan ta ce in ƙarasa mata. Na ce muryata ta dushe, ta dawo ranar Juma'a. Ta ce za ta dawo.

Hajiya, na daɗe ban ga wanda ya zauna a gabana yana son jin ƙarshen waƙata ba. Jiya na iya riƙe bakina. Juma'a ban yi miki alkawari ba.

Ki riga ni zuwa wurinta.

Naki,
Babandi