Kunnen Gimbiya

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gida, yaya maigidan, yaya 'yata Gimbiya?

Ni lafiya lau, karatu kuma ya yi daɗi fiye da yadda na zata. Har yanzu abokan ɗakina ba su daina tsokanata ba, wai namiji guda ya bar injiniya ya zo jami'a karanta girman ɗan Adam da zaman iyali. Suna kirana Mai Raino. Ni dai dariya nake yi.

A wannan zangon an tura mu gidan rainon yara na jami'a. Akwai wani ɗan ɗaki mai gilashi, muna ganin yaran, su ba sa ganinmu. A nan muke zama muna lura da yadda suke wasa da faɗa da shiryawa. Wallahi Yaya, ban san lokacin da ake tashi ba.

Akwai maganar da ke cina. Jiya malamarmu ta saki faranti a bayan yaran da gangan. Duk suka zabura suka waiga, sai yaro ɗaya da ya ci gaba da jera kwalayensa. Nan take Gimbiya ta faɗo mini a rai. A hutun nan ƙofa ta bugu har ni na firgita, ita ko gezau. Kuma ta cika shekara uku ba ta haɗa kalma biyu. Kowa na cewa miskilanci ne. Don Allah ki kai ta wurin likitan kunne. In kuskure na yi, na yarda ki yi mini dariya har mu tsufa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Umma ta ce kin yi fushi, wai daga shiga aji na fara laƙaba wa 'yarki ciwo. Ban ga laifinki ba. Amma malamarmu ta ce yaron da aka gano matsalarsa da wuri yakan kamo tsaransa. Ki ci gaba da fushin, ki dai kai ta.

Auta

Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Gimbiya ta saba da 'yar na'urar da aka saka mata a kunne.

Da kika kira kina kuka kika ce likita ya tabbatar, na tuna da dariyar da na ce ki yi mini. Na so ƙwarai a ce ni ne ban yi daidai ba. Ki gode mini wa maigidan, tunda shi ya ɗauke ku ya kai ku. Kada ki zargi kanki, duk gidanmu ba wanda ya lura.

Ki riƙa yi mata magana fuska da fuska, ki faɗi sunan duk abin da ta taɓa, ko cokali ne. Ki kashe rediyo in kuna hira.

Saƙon muryar da kika turo kuwa, a tsakiyar ɗakin cin abinci na buɗe shi. Na ji kina cewa, "Ce Kawu," ita kuma ta tattaro ƙarfinta ta ce, "Awu!" Na yi ta maimaita shi har abincina ya huce. Abokan ɗakina suka karɓe wayar, kowa sai da ya saurara, har da wanda ya fi kowa tsokanata. Shi ne ma ya tambaye ni ko ƙanensa da ke in'ina zai iya samun taimako.

Ki shafa mini kanta.

Ƙaninki,
Awu