Irin Gero Ya Koma Dutsi

Daura,
14 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Babana, Malam Lado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inno da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Ina fatan kana shafa maganin da na aiko. Ni lafiya lau nake, sai zafin Daura da ya fara tsananta.

Baba, labarin da ka ji a Sandamu gaskiya ne. Ƙungiyar da nake wa aiki za ta raba ingantaccen irin gero mai saurin nuna kafin damina, kuma ƙaramar hukumar da ta fi shan wahala bara ce za ta samu. Rahoton da abokin aikina Munzali ya rubuta ya ce Sandamu ce. Sai dai ina roƙonka kada ka ƙara yaɗa maganar tukuna, don akwai abin da bai kwanta min ba.

An ba ni rahoton in duba kafin a sa hannu. Ya nuna geron Sandamu ya faɗi kusan rabi bara. Ni kuwa na zo gida da kaka, na ga rumbunka da idona, na ga na maƙwabta. Ban ga alamar shekarar da ta ɓaci ba.

Bari in kwatanta maka yadda lambobin suke zaune a kwamfuta. Muna aiki da wata manhajar lissafi da ake kira R. A cikinta an jera lambobin kamar shafuka uku, ɗaya kan ɗaya, kowace shekara da shafinta. A kowane shafi, layukan kwance na ƙananan hukumomi ne, na tsaye kuma na gero da dawa da wake. Matsalar ita ce babu suna ko ɗaya a jiki. Kwamfuta ɗaya, biyu, uku kawai take nunawa ta kowane gefe, sai mutum ya riƙe a kansa wanne ne na ɗaya. Munzali ya ce ya riƙe. Ni ban yarda da kan kowa ba a irin wannan aiki, har da nawa. Gobe zan ɗauko takardun da ma'aikatanmu suka cike a gonaki in gwada su da abin da ke cikin kwamfuta.

A gaida Inno, a ce mata na gode da daddawa.

'Yarka,
Haulatu

Daura,
22 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gida lafiya kuma sharar gona na tafiya daidai.

Na gama binciken, kuma gara ka ji daga gare ni kafin ka ji a kasuwa: irin ba Sandamu zai zo ba, ƙaramar hukumar Dutsi za shi.

Ga yadda abin ya faru. Da ma'aikatanmu suka fita zagaye, Sandamu suka fara zuwa, sannan Mai'adua, sannan Dutsi. Munzali yana cikin tafiyar, shi ya sa ya ɗauka layin farko na Sandamu ne. Ita kuwa manhajar, da aka zuba mata bayanan, sai ta jera garuruwan bisa tsarin haruffa: Dutsi a sama, Sandamu a ƙasa. Da aka kwafe lambobin zuwa wani jadawali, sunayen suka zube a hanya ba wanda ya lura. Wahalar mutanen Dutsi aka rubuta da sunanmu, albarkarmu kuma aka rubuta da sunansu.

Kwana uku na yi ina tara lambobin takardun gona da hannu, gari bayan gari. Da na tabbatar, sai na yi amfani da wani umarni da ake kira dimnames na sa wa kowane gefe sunansa: wannan gefen ƙaramar hukuma, ga sunayensu uku, wannan amfanin gona, wannan shekara. Layi huɗu kacal na rubuta. Yanzu in kana neman geron Dutsi na bara, Dutsi za ka rubuta, da gero, da shekarar, ba ɗaya, ɗaya, uku ba. Ko an juya jadawalin, kowane suna yana biye da lambarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, da lambar ta fito ƙarƙashin sunan Dutsi sai da raina ya raya min in rufe maganar. Babu wanda ya san kuskuren sai ni. Da na yi shiru, da mota ta sauke buhuna a Sandamu an yi ta sa mana albarka. Amma a takardun Dutsi na ga gidan da ya shuka sau uku saboda ruwa ya ɗauke, abin da ya girbe bai kai dami goma ba. Gidaje irinsa suna da yawa.

Munzali na fara samu shi kaɗai, don ban so ya ji a gaban mutane. Da farko ya yi fushi, ya ce shekara shida yana wannan aiki. Na ajiye masa takardun na fita. Bayan la'asar ya zo da kansa ya ce mu je wurin shugabarmu, Hajiya Rabi, kuma shi ya yi mata bayani da bakinsa. Hajiya ta tambaye ni ko na san garinmu ne zai rasa. Na ce na sani. Ta soke rahoton farko, ta kuma kafa doka cewa daga yau ba za ta karɓi jadawalin da ba suna a kowane gefensa ba.

Ka yafe min idan wannan ya jawo maka magana.

'Yarka mai ƙaunarka,
Haulatu

Daura,
3 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, kai da Inno. Yaya Sagir ya kawo min wasiƙarka jiya, na karanta ta sau biyu.

Na ji cewa tun kafin wasiƙata ta farko ta iso ka riga ka faɗa wa mutane a ƙofar masallaci cewa iri na zuwa, har wasu suka sayar da wanda suka ajiye. Na ji kuma ana cewa 'yar Lado ce ta karkatar da rabon garinsu. Wannan ya yi min ciwo, musamman da Yaya Sagir ya ce kwana biyu ba ka fita majalisa ba. Ka rubuta cewa ba ka ce na yi laifi ba, amma ba ka san abin da za ka gaya musu ba.

Baba, ba kai za ka gaya musu ba. Ni na yi aikin, ni zan amsa. An kai irin Dutsi ranar Talata, na je da kaina, kuma bayan abin da na gani a can ko yau aka maimaita haka zan yi. Waɗanda suka sayar da irinsu kuwa, na kai maganarsu gaban Hajiya Rabi. Ba ta yi alkawari ba, amma ta ce in kawo sunayensu a duba ragowar da ke sito.

Zan zo ranar Juma'a. Na buga jadawalin da manyan haruffa, kowane layi da sunan garinsa, yadda duk mai karatu zai bi da yatsa. Ka nema min izini wurin mai gari in yi magana a zaurensa bayan an sauko daga masallaci. Duk mai tambaya ya zo da ita, har masu fushin. Abu ɗaya nake roƙo: in har ƙafarka za ta bari, ka zo ka zauna inda zan riƙa ganinka.

Ni ce 'yarka,
Haulatu Lado Sandamu