Takardar da na karɓo daga Nguru

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ɗan ajamin da Baba ya koya mini nake rubutawa, don a gidan nan babu wanda zan faɗa wa.

Tun bazarar da ka ɗauki banda ka tafi Nguru muke zuba ido. Sai wani farke ya zo da labarin cewa sanƙarau ya kama ka a kasuwa, an kai ka rumfunan da aka keɓe a bayan gari, ba ka fito ba. Amma shi ma ji ya yi, bai ga gawa ba. Alƙalin Gashuwa ya ce ba zai yanke da jita-jita ba, sai shaidu ko takardar hukuma. Haka na zauna, ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Inna, mahaifiyarka, ta hana a taɓa komarka ta kamun kifi, ta ce za ka dawo kafin kogi ya kawo ruwa. Ruwa ya zo, ya janye.

Bayan girbi Yaya Bukar, wana, ya raka ni Nguru a motar gyaɗa. Ashe haka garin yake? Jirgin ƙasa na kuka, leburori na ta dakon buhuna, kowa na sauri. A nan ka kwanta ciwo babu mai miƙa maka ruwa da sanayya?

Daga asibiti aka tura mu ofishin En'e, daga can aka ce mu dawo gobe, goben ma aka ce wata goben. Ranar da muka samu shiga, malamin ofis ya tambayi sunan mamaci. Yaya Bukar ya ce Dogo, kamar yadda duk bakin kogi ke kiranka. Malamin ya duba littafin sunayen mamata, ya ce babu Dogo, sai sunan yanka. Yaya ya juyo ya dube ni.

Maigida, shekarun da muka yi tare bakina bai taɓa kama sunanka ba. Ran nan na faɗe shi, a gaban baƙi, har sau biyu, don na farkon bai fito ba. Ina faɗa ina roƙon Allah kada a same shi. Yatsan malamin ya yi ta gangarawa, sai ya tsaya. Ya ɗago ya yi mini gaisuwa a hankali. Ya kwafa a wata takarda, ya buga hatimi. Na tambayi kabarinka, ya ce a lokacin an binne mutane da yawa, ba a sa alama ba.

Da na kawo wa alƙali, ya sa aka karanta masa, ya lissafa daga ranar rasuwarka, ya ce takabata ta riga ta ƙare tun cikin damina. Ka ji? Lokacin da ya kamata in zauna dominka, ina can ina shanya kuɓewa, ina sa lalle, ina leƙen hanya. Mutane sun zo gaisuwa yini guda, suka watse, don a wurinsu tsohuwar mutuwa ce. A wurina kuwa jiya ka rasu.

Labarin gida: Inna ta ba ƙanenka komar da hannunta. 'Yarmu Hajara ta fara tafiya, tsayinka za ta yi. Akuyar nan baƙa ta haifi biyu.

Akwai abin da kunya ta hana ni faɗa maka. Duk yammacin da ka dawo daga kogi, tun daga nesa nake gane tarinka, sai in yi kamar ina gyara murhu don kada ka ga murnata. Ka taɓa ganewa?

Na cire awarwaro, na ajiye kwalli. Alƙali ya ce ba dole ba ne. Zan zauna duk da haka, ko da ni kaɗai na san me nake yi.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Matarka,
Hassana, daga Gashuwa.