An Lulluɓe Ƙanƙarar Baba

Lahadi, 3 ga Agusta, 2025

Bayan sujada Baba ya sake kama baƙo. Yau sabon fasto ne ya faɗa hannunsa. Ya ja shi har gaban hoton falo: ga shi nan, Istifanus saurayi, cikin rigar sanyi ta aro, hannu harɗe a ƙirji, bayansa ƙanƙara ta cika kwari tun daga kan dutse har ƙasa. Masaƙar Kakuri ce ta tura su Siwizalan koyon gyaran injin saƙa, tun ba a haife ni ba. Na haddace labarin har da inda yake tsayawa ya yi tari. Ƙarshensa kullum ɗaya: "Masaƙa ta mutu, mamansu ta tafi, amma wannan tana nan har Yesu ya dawo." Ina kicin ina kwaikwayonsa da baki. Na gaji da ƙanƙarar nan.

Alhamis, 7 ga Agusta

Benson ya kira daga Italiya. Ƙanena ɗaya tilo. Tun da bai zo jana'izar Mama ba, don ba shi da takardu a lokacin, Baba bai ƙara ɗaukar wayarsa ba. Yanzu takardu sun fito. Wai zai hau jirgin ƙasa ya je ya tsaya daidai inda Baba ya tsaya, a ɗauke shi hoto, mu haɗa biyun a kalandar godiyar cikar Baba shekara tamanin. "Sista Fibi, ko wannan zai sa ya yi mini magana." Na ce ya yi dabara.

Talata, 12 ga Agusta

Hoton ya iso. Benson ya harɗe hannu irin na Baba. Bayansa duwatsu tsirara, da wani tafki mai launin toka. Ko ƙanƙarar da za a sa a kofi babu.

Ni ce malamar labarin ƙasa. Duk shekara ina rubuta wa yara a allo cewa duniya na ɗumama, ƙanƙarar kan duwatsu na narkewa tana ja da baya. Amsar jarrabawa ce kawai a wurina. Ban taɓa haɗa ta da bangon falonmu ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Na nuna wa Baba. Ya sa tabarau, ya cire. "Wannan ai ramin kuza ne na Bukuru." Na fara bayani, ya ce in kai wa 'yan ajina. Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a wuya: yaron da bai zo ya binne uwarsa ba, yau ya mai da ubansa tsohon banza. Benson maƙaryaci ne, ya ce. Har sau biyu.

Asabar, 16 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ban da ƙarfin rubutu.

Litinin, 18 ga Agusta

Benson ya yi kuka a waya, abin da rabona da ji tun yana firamare. Ya ce in ranar godiya ta wuce Baba bai yi masa magana ba, ya haƙura, ba zai ƙara kira ba. Na san shi. Taurin kai ɗaya suka ɗauko, ni kuma ina tsakiya kamar wanki tsakanin hannu biyu. In Baba ya yarda da ɗansa, ƙanƙararsa ta tafi. In ya riƙe ƙanƙarar, ɗan ya tafi. Ina jin haushinsu duka, har da dutsen.

Lahadi, 24 ga Agusta

Benson ya koma can. Ya bi kwarin sama da ƙafa har ya tarar da abin da ya rage, ya ɗauko bidiyo yana haki. Mutanen wurin sun lulluɓe ƙanƙarar da fararen yaduka, wai don su rage mata rana. Yadin ya yi datti, ya yayyage, ruwa na zuba ta ƙarƙashinsa.

Na ajiye wayar kusa da kwanon tuwon Baba. Ya yi kamar bai gani ba, can ya jawo ta. Ba dutsen ya duba ba, yadin ya duba. Ya sa na tsayar da bidiyon, ya ƙura wa ɗinkin ido, yana shafa gilashin da babban yatsa kamar zai ji kaurin zaren.

"Haka muka yi," ya ce. Ranar da aka rufe masaƙa, su da kansu suka lulluɓe injinan da yadin da suka saƙa, suka ɗaure kusurwoyi da kyau don kada ƙura ta shiga. An ce musu wata uku ne.

Bai ci tuwon ba.

Talata, 26 ga Agusta

Baba ya ce in kira masa yaron. Abin da na ji daga bakin ƙofa: "Benson. Ba ƙarya ka yi ba." Sai, "Ka sa rigar sanyi." Shi ke nan. Abin da na roƙa a coci kenan shekara da shekaru, kuma ga shi ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Lahadi, 7 ga Satumba

An yi godiya. Kalanda ta fita da hoton Baba shi kaɗai cikin babbar riga. Na falo ya sauke shi da hannunsa, ya kife a kan kabad. Baƙi sun cika gida, bai ja kowa gaban komai ba. Da yamma na ce, "Baba, ba ni labarin Siwizalan mana." Ya ce ai na sani. Yanzu yana ɗaukar wayar Benson, amma gaisuwa ce da amin, ya koma kujera ya zuba wa bango ido.

Litinin, 22 ga Satumba

Hoton yana ɗakina. Don kada gilashin ya fashe ne kawai.

Yau a aji mun iso darasin ɗumamar duniya. Na ɗauki alli, ban rubuta komai ba. Sai na ji bakina yana cewa akwai wani saurayi daga Kakuri da aka ara wa rigar sanyi. Faith, mai zama a gaba, ta tambaya ko ina mura, don na tsaya a tsakiya na yi tari. Layin ƙarshe na labarin Baba ne ban iya faɗa ba.